Ranar da Na Hau Tabarmar Masu Bin Ɗana Bashi

Rupi dubu uku da ɗari biyu nake bin Wali Mamad a shekarar da ya karye. Ɗana ne, ni na haife shi, ni na yaye shi, amma wannan bai rage ko faisa ɗaya, kwabon ƙasarmu, a cikin kuɗin ba. Warwarona na zinariya guda shida na zare daga hannuna na sayar na ba shi, lokacin da ya nace sai ya sayi injin matsar man gyaɗa. Da zan miƙa masa na ce, "Aro ne fa." Ya yi dariya ya ce, "To, Ma." Na ce, "Ba to na ce ka ce ba. Ka ce aro ne." Ya ce aro ne. Sannan na saki.

Ni ban yi karatu ba. In ka rubuta sunana a bango ka ce min zanen akuya ne, sai in ce Allah ya raya ta. Amma duk unguwarmu ba mai littafin da ya kai gwangwanayena gaskiya. Tsofaffin gwangwanayen shayi ne, suna jere a ƙarƙashin gadona, kowace macen da nake bi da nata. Ƙwayar wake rupi ɗaya, ƙwallon tsamiya rupi goma. Wadda ta ari ludayin man shanu kuwa ba ta buƙatar gwangwani, wannan a kaina yake, kuma kaina ba ya yoyo. Shekara arba'in ina ba mata aro, ban taɓa ɗora wa kowa ruwa ba, ban kuma taɓa bar wa kowa ko faisa ba. Sau ɗaya aka taɓa yafe bashi a ɗakina, shi ma ɓera ne ya yi. Ya shiga gwangwanin wata mai ɗinkin huluna ya cinye rupi bakwai. Na san bakwai ne, na ɗebo wake a kicin na mayar.

Na Wali Mamad babban gwangwanin alewa ne, ƙwallon tsamiya ɗari uku da ashirin a ciki. Sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga shi.

A shekarar nan ruwa ya yi jinkiri, duk wanda ka tara da shi a kasuwa cewa yake bana gyaɗa sai mai rabo. Wali Mamad ya bi manyan kasuwa ya ciwo bashi, ya saye duk gyaɗar bara da ya gani, ya matse, ya cika sito da garewanin mai har rufi, yana jiran tsada. Sai sama ta ɓalle. Gyaɗa ta yi kyan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, farashin mai ya faɗo rabi, nasa kuma ya zauna a sito har ya fara sauya wari. Da aka haɗa lissafi, rupi dubu arba'in da ɗaya mutum bakwai ke binsa. Shago da inji da amalanke da man da ya rage, duka ba su wuce dubu goma sha biyu da ɗari uku ba.

Wata biyu yana shiga gida ta ƙofar baya. Matarsa Kulsum ta gaji da ce wa masu binsa bashi ya tafi birnin Rajkot, har wani ya tambaye ta ko can ya koma da aure. Wata ranar Talata bayan la'asar ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, ya ture gurasar roti da na ba shi, ya ce, "Ma, zan kunna fitila."

A kasuwarmu, wanda bashi ya fi ƙarfinsa hanya biyu gare shi. Ko ya bari a kai shi kotu, lauyoyi su cinye abin da ya rage, a garƙame shago shekara da shekaru, mai zuciya a cikin masu binsa ya sa a kulle shi. Ko kuma ya kunna fitila a ƙofar shagonsa da rana tsaka, ya cire hularsa ya kife a gabansa, ya zauna. Shugaban jama'a ya tara masu bi a tabarma ɗaya, a ƙirga abin da ke akwai, a raba daidai gwargwadon bashin kowa, kowa ya ce ya yafe saura, a kashe fitila. Daga nan mutum ya tashi ba kowa a wuyansa. Amma sau ɗaya ake zuba wa fitilar mai. In ta mutu da kanta akwai sauran mutum ɗaya da bai yafe ba, magana ta lalace, sai kotu.

Na ce, "Nawa kowa zai samu?"

Ya ce, "Faisa talatin a kowane rupi. Su yafe saba'in."

Na motsa yatsuna a cikin mayafi ina lissafi. Na ce, "Wato ni ɗari tara da sittin ke nan."

Ya ɗago kai. "Ke wa, Ma?"

"Ni mana. Ko ba ka ce aro ne ba?"

Kulsum da ke bakin ƙofa ta saki kwanon da ke hannunta. Ta ce, "Ma, don girman Allah! A tabarma za ki zauna? Cikin maza? Ki bi ɗanki bashi a bainar jama'a? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Su faɗi abin da suka saba faɗa. Ke dai ba ki da lissafi, shi ya sa kike zuba gishiri da tafin hannu. Duk abin da aka ba ni ina zai tafi? Ba gidan nan zai dawo ba? Ba ke da 'ya'yanki za ku ci ba?"

Abin da na gaya mata ke nan, kuma rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, ni dai ban iya kallon gwangwani a cike a ce min wai ya tashi a banza ba.

Wali Mamad ya ce, "Ma, ki bari. Ba ki san yadda abin yake ba."

"Ni ce ban san bashi ba? Tun kana tsotson yatsa nake binsa."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ya ci rotinsa kafin ya huce.

Uwa ce ke zuba wa fitilar mai in tana da rai. Ranar Alhamis da hantsi Kulsum ta kawo min 'yar fitilar kasko da kwalbar mai. Na fara zubawa, ya kai rabi, sai hannuna ya tsaya da kansa. Na ce a raina, fitilar da za ta ci da rana, ba mai ganin haskenta, a gidan da aka karye, ita ma sai an cika ta har baki? Maganar da ba za ta wuce awa biyu ba? Na toshe kwalba na mayar da ita wurinta.

Ana idar da azahar Wali Mamad ya kunna. Ban taɓa ganin kasuwa ta yi tsit haka ba. Ɗana, mai 'ya'ya huɗu, zaune a dandamalin shagonsa kai ba hula, sanƙon da ban san yana da shi ba yana ƙyalli a rana. Na gyara riƙon gwangwanina na ratsa mutane.

Su bakwai ne a tabarma. Babbansu Set Karsandas mai hatsi, shi kaɗai dubu goma sha takwas yake bi, mutum mai sanyin magana. Can gefe kuma Jusab mai ƙera garewani, dubu biyu da ɗari shida, da takardar lauya a aljihun rigarsa, ya bar bakinta a waje don kowa ya gani. Haji Suleman shugaban jama'a yana tsakiya da littafin shago a cinyarsa. Na tuɓe takalmina na nemi gefen tabarma na zauna, na dire gwangwani.

Haji Suleman ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Zulekha-bai, ruwa kika kawo mana?"

Na ce, "Bashi na kawo. Dubu uku da ɗari biyu. Ga shi nan, a ƙirga."

Aka fara ƙus-ƙus. Set Karsandas ya lumshe ido ya motsa leɓe, ya ce, "In an sa nata, talatin ta koma ashirin da takwas."

Jusab ya yi tsalle kamar an ɗana masa garwashi. "Ashirin da takwas? Wato uwa da ɗa sun haɗa baki su rage mana ko ɗan abin da ya rage? Haji, kana gani fa!"

Haji Suleman ya ɗaga masa hannu. Ya rage murya ya ce, "Zulekha-bai, ni da marigayi mijinki tare muka yi wasan ƙasa. Ki ɗauki gwangwaninki ki koma gida."

Na ce, "Kuɗina ba kuɗi ba ne? Ko don na mace ne?"

"Ki koma gida, na ce."

"Wali Mamad, ka ce aro ne ko ba ka ce ba?"

Ɗana bai ɗago ba. Ya ce, "Na ce, Ma."

Haji ya ce, "Na uku ke nan zan faɗa miki. Wanda ya hau tabarmar nan, ana duba abin da yake bi, ana kuma duba abin da ake binsa. Kin ji ni da kyau?"

Ni kuwa na ɗauka so yake ya tsorata ni don ya kare wa abokansa faisa biyu. Na ɗaga murya yadda har masu shayi na tsallaken titi za su ji, na ce, "A duba! A duba duniya da lahira! Duk garin nan wanda ya taɓa bina ko ƙwayar gishiri ya fito ya faɗa."

Haji Suleman ya yi ajiyar zuciya. Sai a lokacin na lura akwai wani shafi a littafin da ya riga ya naɗe ya soke da allura. Shafin uwa ne. Ba a buɗe shi a irin wannan zama, abin da ɗa ya kashe wa uwarsa ba dukiyar masu bashi ba ce, kowa ya san haka. Ni ma da an tambaye ni a kan wata zan faɗa. Abin da ban sani ba shi ne ina da shafi. Ya zare allurar ya miƙe takardar.

Ya karanta, "Ma. Jirgin ruwa daga Bombay zuwa Jidda da dawowa, da guzuri, dubu biyu da ɗari huɗu."

Na ce, "Wannan ai Hajji ne! Kyauta ya yi min!"

"Ma. Aikin ido, ɗari bakwai. Ma. Haƙorin zinariya, ɗari da hamsin."

Na rufe bakina da mayafi, amma an riga an gani.

"Ma. Tabar shaƙa, rupi biyu. Ma. Tabar shaƙa, rupi biyu. Maganin gwiwa. Mayafi. Tabar shaƙa."

Jusab ya ce, "Haji, tsallake tabar, in ba haka ba sai magariba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shekara goma sha ɗaya tun rasuwar mijina, ba abin da yaron nan ya bari. Na juya na ce, "Kai, ɗan nan! Uwarka ka rubuta?"

Sai ya ɗago, idonsa jawur. Ya ce, "Ma, ina ɗan shekara goma kika zane ni da igiyar awaki don na ba gwaggo gyaɗa tafi ɗaya ban rubuta ba. Kika ce ko ke ce kika ɗauki allura a shagon nan in rubuta. Ban rubuta don in karɓa ba. Hannuna ne ya saba."

Na tuna dukan. Har igiyar na tuna, ta maƙwabta ce, na mayar musu a ranar.

Set Karsandas ya sake lumshe ido. Ya ce, "Dubu huɗu da hamsin. A cire dubu uku da ɗari biyu. Hajiya, shago na binki ɗari takwas da hamsin. In kin kawo, talatin ta zama talatin da biyu."

Ban san ƙasa tana iya juyawa da mutum yana zaune ba sai ranar. Na ce to na fasa, na sauka daga tabarmar, a mayar da allura. Set Karsandas ya ce shi bai ƙi ba. Sauran biyar ma suka gyaɗa kai, ina jin tausayin ɗana suka ji, ba nawa ba. Jusab ya harɗe hannu.

Ya ce, "Ni ban yarda ba. An buɗe, an karanta, kowa ya ji. Kuɗin nan ya shigo tabarma, ko kuma ni da Wali Mamad mu haɗu a gaban alƙali."

Haji ya ce, "Jusab, faisa biyu ce fa. Rabonka a ciki bai fi rupi hamsin da biyu ba."

"Ko rupi ɗaya ne. Haji, ka tuna ranar sadakar uku ta babana? Muna zaune a zaure ana addu'a, wannan baiwar Allah ta shiga wajen mata da gwangwaninta. Rupi goma sha huɗu take bin uwata. Ta ce gara a biya yanzu tun mamaci bai fara jin nauyinsa ba. Bashin ma ba nasa ba ne! Sai da uwata ta cire 'yan kunnenta." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Ko a nemo wata fitilar ne, Hajiya, a kunna miki taki? Ga wuri nan kusa da ɗanki. Sai dai ke ba hula."

Wani abin haushi, ba ƙarya ya yi ba. Goma sha huɗu ne. 'Yan kunnen ma na tagulla ne, da ƙyar suka kai.

Na dubi fitilar. Mai ya ja baya, lagwani ya fara leƙowa. Haji Suleman ya bi idona da kallo, ya ce, "Wannan fitila ai ta saba kaiwa magariba. Wa ya zuba mata mai?" Kulsum da ke tsaye bayan ginshiƙi ta dube ni, na dubi takalmina.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba. Na isa gida na farke matashin kaina, na ciro ɗari huɗun da na ajiye na likkafani da masu haƙa kabari. Na zube gwangwanaye goma sha tara a cikin zani na ɗaure na saɓa a kafaɗa. Rupi ɗari tara da 'yan kai ke cikinsu, in kowa ta biya har da canji zan dawo.

Labari ya riga ni shiga lungu. Gidan farko na buga ƙofa, aka ce min daga ciki matar gidan ta tafi Rajkot. Da muryarta ta faɗa min. Gida na biyu, Hawa mai ɗinkin huluna ta fito da rupi tara cikin talatin da ɗaya, tana ba ni tana danne dariya, ta ce, "Ma, in kina so in ara miki gwangwani, ki sa sunanki." Wata ta ce in dawo ranar da muka yi alkawari, ai ni na koya musu ba a gaba ba a baya. Na tsaya a rana ina roƙon mata kuɗina da muryar da ban san ina da ita ba, ƙasa-ƙasa, har da "'yata" da "don Allah".

Wadda ta fi ba ni kunya Ratan ce mai tallan madara. Sau biyu na taɓa tsare ta a bakin rijiya a gaban surukarta. Tana ganina ta shiga ɗaki, ta fito da rupi sittin ɗinta cif, a ƙulle a tsumma, kuɗin da ta tara na sayen ɗan maraƙi. Ta kawo min ruwa a moɗa ta ce, "Sha, Ma, leɓenki ya bushe. Wali Mamad bai taɓa tauye min awo ba." Na sha. Na buɗe gwangwaninta na zubar da ƙwallayen a ƙasa, na rasa abin da ake cewa a irin wannan wuri, na ce mata ruwan da sanyi.

Ɗari biyu da sittin na haɗa a gida goma sha tara. Da na likkafani ɗari shida da sittin.

Da na dawo kasuwa inuwa ta riga ta rufe rabin titi. Harshen fitilar bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya koma shuɗi, Wali Mamad ya kare shi da tafin hannu biyu saboda iska. Na zube kuɗin a tabarma. Set Karsandas ya ƙirga ya ce, "Saura ɗari da casa'in."

Na ce, "Ku cire min haƙorin."

Haji ya ce, "Da me, Zulekha-bai? Kafin a nemo mai cirewa ta mutu."

Set Karsandas ya sa hannu a aljihu ya laluba, ya ce bai fito da kuɗi ba, wa ke zuwa karɓar bashi da kuɗi a jikinsa? Na juya wajen Jusab. Ina da shekara saba'in ba biyu, na yi Hajji, na aurar da 'ya'ya biyar, na durƙusa a gaban mai ƙera garewani. Na ce, "Jusab, ɗana. Abin da na yi wa uwarka ban kyauta ba. Kada ka ɗora wa Wali Mamad. Ka yafe."

Ya dube ni. Ya ce, "Ban yafe ba."

Kulsum ta fashe da kuka. Shi kuwa ya sa hannu a ɗaya aljihun, ba na takardar lauya ba, ya fito da damin kuɗi, ya ƙirga ɗari da casa'in a hankali, yana lasar yatsa, kamar ba fitilar da ke mutuwa. Ya riƙe su a gaban fuskata.

Ya ce, "Aro ne fa, Hajiya."

Na ce, "To."

"Haji, ka ji ta? Wai to. A gaban mutane za ki faɗa, da ƙarfi, irin muryar ɗazu."

Na ce, "Aro ne. Jusab na bina ɗari da casa'in."

Ya saki, na ajiye a tabarma. Haji Suleman ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sauri kamar mai ƙirga awaki, kowa na cewa ya yafe saura. Jusab ne na ƙarshe, ya ce wa Wali Mamad, "Kai na yafe maka." Set Karsandas ya miƙa yatsu biyu ya murƙushe lagwanin, ko zafi bai ji ba don ba abin da ya rage a jikinsa. Ya ɗauki hular ɗana ya karkaɗe ya ɗora masa a kai da hannunsa, ya ce gobe ya zo sitonsa, yana neman mai awo wanda ke rubuta komai.

Muka kama hanyar gida. Wali Mamad ne ya ɗauko min ƙullin gwangwanaye. Da muka kai ƙofa na ce, "Hajjin nan dai kyauta ce, ko?" Ya ce, "Kyauta ce, Ma." Na ce to ya soke shafin. Ya ce littafin na hannun Haji Suleman, ba nasa ba ne yanzu.

Shekara biyar yana awo a siton Set Karsandas kafin ya sake buɗe ɗan shago, ƙarami, ba inji. Yana shiga gida ta ƙofar gaba.

Ni kuwa wata uku na yi ina ƙulle-ƙulle har ɗari da casa'in suka cika. Na daina tabar ma, abin da likita ya kasa sa ni. Na saka mayafina mai kyau na tafi maƙerar Jusab da safe, lokacin da mutane suka fi yawa, don waɗanda suka ji aro su ga biya. Ya tashi da fara'a, ya share min benci, ya sa aka kawo shayi mai madara. Na kwance bakin mayafi na miƙa.

Ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "Haba Hajiya, saurin me? Ai a wajenki sun fi tsaro. Duk garin nan wa ya kai ki riƙon kuɗi?"

Na aika Kulsum da su, ta dawo da su har da alewa. Na jefa su ta katangar gidansa a ƙulle a tsumma, washegari na same su a bakin ƙofata cikin sabon gwangwani, ƙirar hannunsa, da murfi mai kyau. Na kai ƙara wajen Haji Suleman. Ya shafa gemu ya ce shi dai ya san hukuncin wanda ya ƙi biya, amma wanda ya ƙi karɓa, bai taɓa ji ba tun kakanni. Na koma na ce wa Jusab to in ba zai karɓa ba ya yafe, kowa ya huta. Ya ce, "Ni na isa? Ina koyo dai a wajen manya."

In ya hango ni a kasuwa tun daga nesa yake ɗaga hannu. "Hajiya! Kada ki damu da ɗan abin nan fa, ba na sauri!" Sai kowa ya waiwayo. Na bar bin layin maƙera gaba ɗaya, ina zagayawa ta bayan masallaci, da gwiwar nan tawa.

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Kuɗin na nan a bakin mayafina, takardun har sun yi laushi, biyu daga ciki ma an ce gwamnati ta daina karɓar irinsu, na canza. Liman ya ce ba a son mutum ya kwanta a kabari da bashi a wuyansa. Na gaya wa Jusab haka, ya ce to in daure kada in mutu. Dabarar da ta rage min ɗaya ce, ya riga ni, in kai wa magadansa ranar sadakar uku. Amma na girme shi da shekara ashirin, kuma ɗan banzan ko mura ba ya yi.